Katin da Aka Shafe wa Fuska

A ɗakina akwai wani ɗan akwatin katako da bai wuce tafin hannu biyu ba, cikinsa katuna saba'in da bakwai. Da can saba'in da takwas ne. Babu Bahaushen garin nan na Greensboro da bai ji labarin akwatin nan ba, kowa da irin gishirin da ya ƙara masa, har an ce da shi nake gane wanda takardun zamansa za su fito da wanda za a mayar gida. Na ji duka, ban tanka ba. Yanzu kuma mai akwatin za ta faɗi nata.

Mahaifina mai zanen hula ne a Damagaram. Ba ya ɗinki, shi dai ya zana a kan farin ƙyalle, masu allura su bi sawunsa. Tun ina ƙarama nake zama gefensa ina riƙe masa kwalbar tawada. Hula za ta wuce a kan mutum cikin kasuwa, ya ɗaga ido sau ɗaya ya ce wannan hannun wane ne, kuma ranar da ya zana ta sauri yake yi. Yakan ce in kana son sanin mai aiki, ka duba inda hannunsa ya goce. Bai bar mini gona ba, bai bar mini gida ba, idon nan kawai ya bar mini, da shi na ƙetaro teku.

Bayan rasuwar maigidana na shekara shida ina kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park. Madam nake ce mata, irin kiranmu na mutanen Nijar. Gida ne ƙato, ita kaɗai a ciki, da ɗaki guda wanda babu komai a cikinsa sai tsofaffin katuna, irin waɗanda ake kira tarot. Ta yi rayuwarta tana tara su, na Italiya, na Faransa, wasu a cikin gilashi, wasu a akwatuna. Hannunta ya fara rawa, don haka ni na zama hannunta. Zafin garin nan da laima yake zuwa, kuma laima ita ce ajalin tsohuwar takarda. Saboda haka duk watan Agusta sai mu shimfiɗa farin ƙyalle, in wanke hannu in shanya shi sosai, in fito da katunan ɗaya bayan ɗaya ina kama su ta gefe, in jera su su sha iska, in ƙirga, in mayar.

Ranar farko da na gan su, a'uziyya na ja. Ga ƙwarangwal riƙe da lauje. Ga hasumiya tsawa ta faɗa mata, mutane suna zubowa da ka. Ga wani an rataye shi ta ƙafa ɗaya, fuskarsa kuwa kwance kamar mai jiran a kawo masa fura. Ga wani matafiyi da ɗan ƙunshinsa a sanda, wata dabba tana yaga masa wando bai ko waiwaya ba. Na ce a raina, Bature dai ba ya rasa abin ɓata lokaci.

Sai na zo kan wani kati, mace tsaye da fukafukai, tana juya ruwa daga wannan tulu zuwa wancan, yadda ake yi wa kunu mai zafi don ya huce. Na matso da shi kusa da idona. Jan launin rigarta ya tsallake layi ya hau kan yatsanta. Madam ta ce a katako ake sassaƙa zanen a buga, sannan a ɗora takarda mai huda a shafa launi da hannu, kati bayan kati. Nan take na ga mutumin. Na ga ya gaji, takardarsa ta zame, ya ce oho, ya wuce na gaba. Ya mutu tun ba a haifi kakata ba, amma ga inda hannunsa ya goce a gabana. Na tuna babana, na yi tsaye da kati a hannu har Madam ta tambaye ni ko lafiya.

Ba zan ɓoye ba, akwai masu duba da katunan nan. Wata ƙawar Madam takan zo ranar Alhamis ta baza mata su a tebur, su yi ta magana a kan ɗanta da ciwon gwiwarta, ni ina kawo shayi. Abin da na lura, matar ba ta faɗa wa Madam komai sai abin da Madam ta riga ta faɗa mata. Ta sha cewa in zauna ta buɗe mini, nakan ce mata gaibu sai Allah, in ɗauke kofuna. Ita kanta Madam dariya take yi. Ta ce asalinsu karta ce kawai ta manyan Italiya, kuma kafin nan daga Masar kartar ta shigo musu, daga hannun Musulmi, da kofunanta da takubbanta da tsabar zinariyarta. Ta nuna mini kwafin irin na Masar ɗin. Babu fuskar mutum ko ɗaya, sai zane da rubutu, ka rantse zanen hula ne.

Da ciwonta ya yi nauyi, ta ce in ɗauki akwatin da mai tulunan take ciki, ta ba ni. Na ce sai dai ta faɗa a gaban ɗanta kuma ta rubuta, don ni baƙar mace ce mai aiki a gidan masu hali, na san abin da za a ce. Ta faɗa, ta kuma rubuta. Na kawo akwatin gidan hayata da ke bene na biyu a bayan titin Wendover Avenue, na ajiye shi a kan kabad. Shekara uku yana nan bai dami kowa ba.

Sai maganar auren 'yata ta taso. 'Yar fari ce kuma ita kaɗai Allah ya ba ni, shi ya sa ba za a ji sunanta a bakina ba. Yaron Bakano ne, mai hankali, yana aiki a wani asibiti. Iyayensa suna gida Najeriya, don haka gwaggonsa ce uwar ango a nan, Hajiya, mace mai faɗa a ji, wadda ba a suna ko biki a garin nan ba tare da an ji ta bakinta ba. An kawo gaisuwa, an sa rana, komai lafiya.

Wata Asabar cikin Agusta, da hantsi, na gama shara, na sa turaren wuta a bakin ƙofa kamar kullum. Na shimfiɗa farin zane a tsakar falo, na durƙusa na jera katunan layi-layi. Ina cikin ƙirga, leɓena yana motsi, sai ga sallama. Ƙofar a buɗe take don hayaƙi ya fita. Hajiya ce, ba ta ko bugo waya ba, ta zo nuna mini yadin anko.

Gaskiya ko ni na shigo na tarar da mace a durƙushe gaban farin zane, ga hayaƙi, ga katuna a jere, bakinta yana motsi, abin da zan zata ke nan. Wannan ban ga laifinta ba.

"Innalillahi," in ji ta. "Uwar amarya, duba kike yi?"

"Sannu da zuwa, Hajiya. Shanya nake yi. Shigo ki zauna."

"Shanya? Ƙwarangwal ake shanyawa a gidan Musulmi?" Ta miƙa yatsa wajen mai tulunan. "Wannan kuma da fukafukai, mala'ika aka zana ko me?"

Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta mayar da yadinta cikin jaka ta sauka. Kafin azahar wayata ta fara ruri, kafin Juma'a ta zagayo na zama bokanya a masallaci.

Baffan yarinyar, Alhaji, yayan marigayi maigidana, shi ne waliyyinta. Yana da babban gida a Pleasant Garden, can bayan gari, da fili har ana noma kuɓewa a baya. Ya kira zama a can. An ce in zo ni kaɗai, na zo da akwatina a hammata, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe shi a gabansu. Na rantse da Allah ban taɓa duba da su ba, ba a kuma taɓa yi mini ba. Na yi bayanin katako da takarda mai huda. Alhaji yana ta gyaɗa kai yana kallon agogo.

Hajiya ta ce, "Mun ji, ba kya duba. Hotunan fa? Mala'iku ba sa shiga gida mai hoto."

Na ce, "Hajiya, wancan babban hoton naki da aka ɗauke ki a Makka, da ke falonki, mai gilashi, ta taga suke bi su kauce masa?"

Alhaji ya yi tari. Da na tsaya nan da ya fi mini, amma bakina ya riga ya yi zafi, na ga ina cin nasara. Sai na kawo labarin Masar. Na ce katunan da kuke ƙyama, daga hannun Musulmi asalinsu ya fito, na gani da idona, zane ne zalla da rubutu, babu ko fuska ɗaya.

Hajiya ta yi murmushi, a nan na san na yanka wa kaina.

"Alhamdu lillahi, da bakinki kika faɗa. Musulmin ba su sa fuska ba. To a mayar da su yadda suke. A samo baƙin alƙalami a shafe fuskokin, kamar yadda muke yi wa hoton da ke jikin kalanda. Ki riƙe kayanki, mu riƙe mutuncinmu. In ba haka ba, ɗana ba zai ɗauki amarya daga wannan gidan ba. A ɗauke ta daga nan gidan baffanta."

Alhaji ya ji daɗi, ya ga an samu mafita. Ya ce, "Ai shi ke nan, wannan sulhu ne mai kyau. Ba a ce ki ƙona ba."

Na rufe akwatina na ce, "Alhaji, ba zan shafe ko ƙwayar ido ɗaya ba."

Duk wanda ya san aurenmu ya san abin da aka ɗora a kan faifai ranar nan. Daga ɗakin uwa ake fitar da amarya. A nan ake lulluɓe ta, ta durƙusa, uwa ta yi mata nasiha ta sa mata albarka. Ni 'ya ɗaya gare ni, rana ɗaya ce tak a rayuwata, ita aka ce in saya da fuskokin nan.

A hanyar komawa 'yata ce ke tuƙi, don ita ta kai ni, ta jira daga waje tana jin komai. Mun tsaya a danja kan Wendover, motoci sun cushe, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Mama, takarda ce fa. Takarda."

"Na sani."

"To saboda takarda za ki bari a ɗauke ni daga gidan wasu?"

"Ba ni na ce a ɗauke ki daga can ba."

Ta juya harshe zuwa Turanci, abin da take yi in ranta ya ɓaci, ta yi ta zubawa har muka iso. Ban san yadda zan faɗa mata ba a lokacin. In na shafe fuskokin nan, na amsa ke nan cewa da can wani mugun abu nake yi, yanzu Hajiya ta shiryar da ni. Kuma shekara ashirin da wani abu a ƙasar nan, na goge ƙasan gidajen mutane, na wanke tsofaffin mutane, na sa abin da aka ce in sa, na yi shiru inda aka ce in yi shiru, a wajen Turawa da wajen namu duka. Abu ɗaya na taɓa gani da idona na ce yana da kyau ba tare da na tambayi kowa ba. Ni ba malama ba ce. In ajiye su laifi ne, tsakanina da Ubangijina ne, kuma Shi ya san abin da nake kallo a cikinsu.

Bayan mako guda na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da ita a teburin cin abinci. Akwatin a buɗe. A hannunta baƙin alƙalami mai kaurin baki, irin wanda ake rubutu da shi a jikin kwali. A gabanta mai tulunan, fuskarta ta zama baƙin dunƙule, tawadar har ta huda ta baya. Kati na biyu yana gefe, ba ta taɓa shi ba. Kuka take yi.

"Na ce in na yi da kaina, ke ba ki karya maganarki ba, Gwaggo ma ba ta karya tata ba," in ji ta. "Amma na kasa na biyun, Mama."

Yau da nake rubuta wannan na san yarinyar nan ƙoƙari take ta cece mu duka. A ranar ban ga haka ba. Na ga fuskar da ta tsallake yaƙe-yaƙe da laima da hannun mutane bila adadin, ta zo ta mutu a kan teburina. Na ce mata ta tattara kayanta ta tafi Pleasant Garden, tunda can mala'iku suke sauka. Na faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Ta tattara, ta tafi, saura mako uku biki.

Makonnin nan uku ban taɓa jin ciwo irin nasu ba tun mutuwar ubanta. Sau biyu na ɗauki alƙalamin da ta bari, na buɗe akwatin. Na ce ai an riga an ɓata ɗaya, me ya rage? Sai in ga matafiyin nan da yagaggen wandonsa, in ga inda shuɗi ya zame a hularsa, in rufe. A karo na biyu na jefa alƙalamin a shara na sauka da ita ƙasa da kaina. Alhaji ya aiko matarsa ta ba ni baki, na ba ta shayi na raka ta mota.

Ranar biki na yi wanka na sa leshina, na ɗaura ɗankwali na zauna a falo, yadda uwar amarya take zama. Na dafa shinkafa babbar tukunya, ban san don wa ba. Mata biyu suka leƙo, suka gaishe ni a tsaye suka wuce Pleasant Garden. Na ji an ɗaura aure da azahar, a waya aka gaya mini.

Bayan la'asar na ji odar motoci a ƙasa. Na leƙa ta taga. Jerin motocin kai amarya ne sun shigo filin ajiye motocinmu, alhali hanyar gidan ango ba ta biyo ta nan ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Ta bari sai da aka hau titi, ta ce wa direba ko ya biya ta gidan uwarta ko ta buɗe ƙofa ta sauka da lulluɓinta. Ango ya ce a bi yadda ta ce.

Ta hau benen nan a lulluɓe, ƙawarta tana riƙe mata gefen riga. Wasu mata suka biyo ta suka cika ƙofa. Hajiya tana cikin motarta, gilashi a ɗage. Yarinyar ta durƙusa a gabana, daidai inda nake shimfiɗa farin zane. Duk nasihar da na shekara ina tanadi ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ki yi haƙuri, ki riƙe salla. Allah ya yi miki albarka. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini."

Daga cikin mayafi ta ce, da Hausa tsantsa, "Mama, ki ba ni katin nan."

"Wanne?"

"Wanda na ɓata. Ba shi da fuska. Gwaggo da bakinta ta ce irin wannan babu laifi a ajiye."

Dariya ta kufce mini tare da hawaye, har matan ƙofa suka ɗauka wani abu ya same ni. Na tashi na sauko da akwatin a gaban kowa, wasu suka ja da baya. Na zaro mai tulunan. Na kama hannun 'yata mai lalle na nuna mata yadda ake riƙewa ta gefe, na nuna mata inda ja ya hau kan yatsan matar, don alƙalaminta bai kai nan ba. Na ce, "Kin ga nan? Mai aikin ya gaji ne." Ta ce ta gani. Ta sauka da shi a hannu, ba ta sa a jaka ba, ta wuce ta gaban motar Hajiya.

Masu tara irin katunan nan suna cewa in ɗaya ya ɓace sauran sun rage daraja, kuma da Madam tana raye da ta yi mini faɗa. Katin yana falon 'yata yanzu, cikin gilashi, saman doguwar kujera. In Hajiya ta je ganin jika, ƙarƙashinsa take zama. Har yau ba ta sake taka benena ba, in mun haɗu a suna mu gaisa da fatar baki, kowa ya kama gabansa.

Ni kuwa duk Agusta ina shimfiɗa farin zanena, ƙofa a buɗe, turare a bakin ƙofa. In na zo gurbin mai tulunan sai in bar shi fili in ci gaba da jeri. Ina ƙirgawa da ƙarfi yanzu, don mai wucewa ya ji, kuma duk wanda aka zana da fuska a cikinsu yana nan da fuskarsa.